Busasshen Ganye A Cikin Kabad: Labarin Baƙin Gagai

Masu saurare a mota, masu saurare a shago, da ku da kuka ce datarku ba ta ɗaukar sauti sai dai a rubuto muku, to ga shi nan an rubuto.

Yau maganar ganye za mu yi. Busasshen ganye ma kuwa, wanda aka manna a jikin takarda tun kafin a haifi mahaifina, aka sa a kabad aka rufe. Na san wani har ya kai hannu zai wuce. Dakata tukuna, ba ni minti goma sha biyar.

Abin ya faro ne daga wani abokina mai zuwa ɗaga ƙarfe. Wata rana da daddare ya turo min hoton wata kwalba da ya gani a intanet, baƙa mai rubutun zinare, an sa mata farashi da dala. A jiki an rubuta Fadogia agrestis. Ya ce, "Mutumina, ka san wannan? 'Yan motsa jiki a Amurka sai zuzuta shi suke, wai yana ƙara ƙarfin namiji, kuma wai daga Najeriya yake." Na ce ban taɓa ji ba. Na ɗan bincika, sai ga sunansa na Hausa ya fito: baƙin gagai. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Abin da kakanninmu ke tonowa a bayan gari, shi ne aka zuba a kwalba, abokina yana lissafin nawa zai kama idan an canza zuwa naira.

Na ce masa bari in samo maka a kasuwa, ko kuɗin mota ba za ka kashe ba. Washegari na shiga layin masu maganin gargajiya. Na tambayi mutum uku. Na farko ya ba ni saiwa an daddatsa. Na biyu ya ba ni gari a ƙullin leda. Na uku ya ba ni wasu 'yan itatuwa sirara an ɗaure da zare. Kowa ya ce nasa ne na asali. Ba na cewa wani ya yi min ƙarya, don gagai a Hausa sunan aiki ne kafin ya zama sunan tsiro, abubuwa da yawa ana ce musu gagai. Amma ni da na dawo gida da ƙulli uku, wanne ne wanda ke cikin kwalbar? Wanne ne Fadogia ɗin?

Wata 'yar ajinmu da ta karanci kimiyyar tsirrai ita ta ce min, "Kai ma dai. Ka je ma'adanar busassun tsirrai ta jami'a mana, su nuna maka." Kun ji abin kunya? Shekara huɗu na yi a makarantar nan, kullum ina wuce ƙofar ɗakin, na ɗauka sito ne na tsofaffin kujeru. Habariyam ake ce wa irin wannan ɗaki.

Da na shiga, abin da ya fara tarbata shi ne warin kafur. Kabad-kabad na ƙarfe a jere kamar a ofishin ajiyar fayil. Wani dattijo ne ke kula da wurin, ya kusa ritaya. Na gaishe shi, na ce, "Baba, baƙin gagai nake nema." Ya kalle ni ta saman tabarau, ya yi murmushi irin na manya, ya ce, "Ɗana, na sha ko na karatu?" Na ce na karatu ne, Baba. Ya ce to wanke hannunka.

Bai yi dube-dube ba. Kai tsaye ya nufi kabad ɗaya, ya zaro wata jaka ta kwali, ya ɗora a tebur da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. Ya ce kada in juya takardar kamar shafin littafi, a kwance ake ɗaga ta, in ba haka ba ganyen ya karye.

To ga abin da na gani. Farar takarda ce mai kauri, ta fi ta littafin makaranta girma, tsufa ya sa ta yi ruwan ƙasa. A kanta an kwantar da tsiro guda: kara siriri mai laushin gashi, ganyaye masu ɗan rawaya-rawaya, da wani guntun gindi mai tauri kamar itace a ƙasa. An kama shi da 'yan siraran takardu masu gam. A kusurwa ɗaya akwai 'yar ambulan, a ciki an zuba 'ya'ya da furen da suka kakkarye. Baba ya nuna min gindin nan ya ce nan ne ran tsiron yake. Sama ciyawa ce, ƙasa itace. Idan gobarar daji ta cinye saman, gindin na nan a ɓoye cikin ƙasa, da an yi ruwan fari sai ya sake tofowa. Shi ya sa yake iya zama a fako da tsakanin duwatsu, inda shuka mai son jin daɗi ba za ta kai labari ba.

Sai ya ce in matso da ido wajen gaɓar karan, inda ganyaye suka fito. Akwai wani ɗan ƙaramin abu kamar harshe a tsakanin gindin ganye da ganye. Ya ce wannan ita ce shaidar gidansu. Kamar yadda tsaga ke nuna asalin mutum a da, haka wannan ɗan harshen ke nuna dangin da masana ke kira Rubiaceae, wato dangin kofi. E, kofin da kuke sha a wajen mai shayi ɗan uwan baƙin gagai ne. Dangi ne babba, nau'i sama da 13,000, na huɗu a girma cikin tsirrai masu fure a duniya. A cikinsu akwai itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa, maganin zazzaɓin cizon sauro na farko da ya karaɗe duniya, asalinsa duwatsun Kudancin Amurka. A nan gida kuma akwai tafashiya, akwai giyayya ta bakin fadama, akwai gauɗe, akwai alkamar tururuwa, akwai goga masu da iyayenmu ke murzawa a shafa wa yaro a kan makero. Duk gida ɗaya. Ni dai ban sani ba sai ranar.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba tsiron ba ne, 'yar takardar da ke manne a ƙasa daga dama ce. A nan aka rubuta sunan kimiyya, da sunan wanda ya tsinko, da lambar da ya ba shi, da ranar, da wurin. Wurin kuwa an bayyana shi: ƙasa mai duwatsu, a gangare, kusa da wani ƙauye da na sani sarai don hanyar garinmu ce. A can ƙasa da fensir, da wani rubutu daban, an ƙara sunan Hausa.

Baba ya ce min tsiro ba takardar bayani ciyawa ce kawai, ko akuya ba za ta ci ba. Takardar ita ke mayar da shi shaida. Tana cewa: wannan abu, a wannan wuri, a wannan rana, yana nan, ga shi ku taɓa. Ba labari ba ne, ba "an ce" ba ne. Bayan shekara ɗari wani zai iya zuwa ya duba ya ce an yi kuskuren suna, ya gyara, ya manna tasa 'yar takardar a gefe. Wani zai iya yankar ɗan ƙyallin ganye ya binciki ƙwayoyin halittarsa. Hoto ba ya ba ka wannan.

Yadda ake yin sa ma ba wani sihiri. A tsinko tsiro da furensa ko 'ya'yansa, in ƙarami ne har da saiwa. A shimfiɗa shi a tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako sama da ƙasa, a ɗaure tamau. Kullum a canza jaridar har ya bushe ƙayau. A kashe ƙwarin da ke jiki, yanzu firiza ake sa shi na wasu kwanaki, sannan a manna. Wani malamin Italiya mai suna Luca Ghini ne ake danganta fara wannan dabara gare shi, wajen shekarun 1540, kuma akwai takardun da ɗalibansa suka manna da har yau suna nan. Kusan shekara ɗari biyar. Ku gaya min wace waya ce za ta riƙe hoto haka.

Yanzu mu zo kan sunan. Wa ya raɗa masa Fadogia agrestis? Wani Bajamushe ne, Georg Schweinfurth, wanda ya yi yawon tattara tsirrai a yankin Bahar al-Ghazal, Sudan ta Kudu ta yau, tsakanin 1868 da 1871. Shi ya ba da sunan, wani Bature ɗan Ingila mai suna Hiern ya wallafa shi a 1877 cikin babban littafin tsirran Afirka da ake haɗawa a lokacin. Kalmar agrestis da Latin tana nufin na daji, na fili. Kuma a ƙa'idar masana, kowane suna a ɗaure yake da takarda takamaimai da aka ajiye a wata ma'adana. Idan gardama ta tashi, ko wannan ne ko ba shi ba ne, ita ake komawa a gwada. Wato alƙalin ƙarshe a kan sunan tsiron bayan garinmu busasshen ganye ne, kuma irin waɗannan takardu na asali na tsirran Afirka mafi yawansu a Turai suke.

A ɓangarenmu na Arewa, sunan da za ku yi ta cin karo da shi shi ne Dalziel. Likita ne ɗan Sukotlan da ya zo aiki a 1905, zamanin Turawan mulki. Yana duba marasa lafiya, yana tsintar ganye, yana tambayar mutane sunansa da amfaninsa. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta littafin tsirran Afirka ta Yamma da ya fara fitowa a 1927, sannan a 1937 ya fitar da wani a kan amfaninsu. Har gobe ɗalibanmu da su suke aiki. Ba zan zage shi ba, mutumin ya yi aiki, kuma ba don ya rubuta ba da sunaye da yawa sun bi tsofaffi kabari.

Amma ku tsaya ku yi tunani. Likita daga Sukotlan bai sauka daga jirgi da sanin baƙin gagai ba. Wani ne ya kai shi gindin dutsen. Wani maharbi, wani makiyayi, wata tsohuwa mai ungozoma, wani ya ce masa wannan sunansa kaza, ana dafa shi da kaza, kada mai ciki ta sha. Wani ne ya ɗauki katakon a ka cikin rana. Na tambayi Baba, wanda ya faɗi sunan Hausan da ke kan takardar nan fa, ina sunansa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai ba a rubuta irin waɗannan." Na daɗe ina kallon rubutun fensirin nan. Ilimin mutumin ya shiga kabad, shi kuma an bar shi a waje.

Ma'adanar lambun Kew da ke Landan tana da takardu kusan miliyan bakwai. Tamu mafi girma a Najeriya tana Ibadan, ƙarƙashin cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa, tana da sama da dubu ɗari. Akwai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai a Bayero da ke Kano, da wasu jami'o'in. Wasu za su ce a dawo mana da namu, kamar yadda ake maganar kayan tarihin Benin. Ina fahimta. Sai dai ni ra'ayina ya ɗan bambanta, kuma ku yi min uzuri. Busasshen tsiro ba kamar kan tagulla ba ne da babu irinsa sai shi. Mai tsinkowa yakan ɗebi uku ko huɗu ya rarraba wa ma'adanai daban-daban, kuma wannan rarrabawar ita ta ceci ilimi a watan Maris na 1943, lokacin da bam ya faɗa wa ma'adanar Balin a Yaƙin Duniya na Biyu, mafi yawan abin da ke ciki ya ƙone. Kwafin da ke wasu ƙasashe su suka rage. Don haka a bar kwafi a ko'ina. Abin da nake nema shi ne a buɗe mana hotunansu kyauta, kuma an fara, Kew na ɗaukar hoton takardunta tana sawa a intanet, akwai kuma rumbun GBIF da kowa zai iya shiga da wayarsa. Sannan mu riƙe namu da kyau. Don ɗakin da na shiga, fanka ba ta aiki, rufin kusurwa ɗaya na yoyo, kuma Baba ya ce min wani lokaci da kuɗin aljihunsa yake sayen maganin ƙwari. Idan ya yi ritaya, bai san wa zai karɓi makullin ba. Da wane baki za mu ce a dawo mana da wasu?

To, me ya haɗa duk wannan da kwalbar abokina?

Zuzutawar da ake yi ta samo tushe ne daga binciken da wasu masana na Jami'ar Ilorin, su Yakubu da abokan aikinsa, suka wallafa a 2005. Sun ba ɓeraye maza ruwan karan tsiron, suka ga sinadarin mazantakarsu ya ƙaru. Ɓeraye fa, ba mutane ba. Kuma su waɗannan masanan dai, da suka ci gaba da bincike, sun wallafa a 2008 da 2009 cewa shan sa na tsawon makonni ya nuna alamun illa a marainan ɓerayen, da hanta, da ƙoda. Masu talla sun ɗauki na farkon sun bar na bayan. Sannan a 2019 wasu masana a Jami'ar Mississippi ta Amurka suka gwada kayayyaki 17 da ake sayarwa da sunan Fadogia, a biyar daga ciki ba su ga sinadaran da suke nema na tsiron ba sam. Ka biya dala, ka sha abin da ba ka sani ba. Ta yaya mai bincike ke tabbatar da cewa ainihin tsiron yake gwadawa? Sai ya kai shi ma'adana an gwada shi da takardun da ke kabad, an ba shi lamba, ya ajiye kwafi. Duk binciken tsiro na kirki za ka ga wannan lambar a ciki. Ni ba likita ba ne, amma na gaya wa abokina ya riƙe kuɗinsa, ya je ya ci ƙwai da wake.

Ƙulli ukun nan nawa kuwa, na kai wa Baba. Garin ya ce ba mai iya ganewa da ido. Saiwar ya juya ta ya ce ba zai rantse ba. Itatuwan ya ce suna kama, amma ba ganye ba fure, shi ba ya sa hannu. Ka ji mai ilimi.

Bari in ba ku misali ɗaya daga wannan dangin, don ku ga abin da tsohuwar takarda ke iya yi. Akwai wani kofin daji a Saliyo, Coffea stenophylla, wanda rabon da a gan shi a dajin ƙasar tun 1954. A ƙarshen 2018, Aaron Davis na Kew da Jeremy Haggar da wani masani ɗan ƙasar, Daniel Sarmu, suka bi bayanan wuraren da ke kan tsofaffin takardun ma'adana, suka shiga daji, suka same shi. Da aka ɗanɗana, aka ga daɗinsa ya yi kusa da na Arabika, kofin da ya fi tsada, alhali yana jure zafin da ya ɗara wanda Arabika ke so da kusan digiri shida. A duniyar da ke ƙara zafi, kun san abin da wannan ke nufi ga manoman kofi. Ba don wani ya rubuta "na same shi a wuri kaza" ba, da ba a san inda za a nema ba.

Shi ya sa na ce ni ma bari in bi tawa takardar. Ranar wata Asabar na hau mashin na tafi ƙauyen da aka rubuta. Tun daga nesa na fara jin ƙarar inji. Gangaren dutsen yana nan, amma rabinsa. Ɗaya rabin an fasa, tifa-tifa na shiga suna fita da tsakuwa, farar ƙura ta rufe komai har ganyen masarar da ke gefe. Ban tsaya zagin kowa ba. Samarin da ke lodi sa'o'ina ne, abinci suke nema, kuma gidan da nake haya ma da irin tsakuwar nan aka zuba shi. Amma na tambayi kaina: kafin a kafa injin nan, akwai wanda ya zo ya rubuta abin da ke tsirowa a wurin? Mu idan mun ga dutse da fako sai mu ce wurin banza ne, ba ya noma. Alhali irin wuraren nan da garma ba ta shiga, su ne mafakar ƙarshe ta tsirran da gona ta kora.

Wani dattijo da na samu a gindin bishiya, da na ambaci sunan, ya yi dariya ya ce da can ai ko'ina ne, yanzu sai an yi tafiya. Ya ce masu tonowa ma sun canza, da ana yankar kara a bar gindi, yanzu da buhu ake zuwa a tumɓuke duka. Ya ce in dawo bayan ruwa ya zauna zai kai ni inda ya sani. Na tambaye shi, in na rubuta, zai yarda in sa sunansa a takardar? Ya ce, "Sunana kuma? Me za a yi da shi?" Na ce, Baba, don wanda zai buɗe kabad bayan ba mu. Ya yi shiru, sannan ya ce to a haɗa da na mahaifinsa, don shi ya nuna masa.

Ga abin da muka shirya ni da 'yar ajin nan tamu da wasu mutum huɗu. Damina na tsayawa za mu koma da katako da jaridu. Dattijon ma'adanar ya yarda zai koya mana dannewa da rubuta bayani. Kwafi ɗaya a jami'a, ɗaya mu aika wata ma'adanar. Ba za mu tumɓuke gindi ba sai inda tsiron ke da yawa, kuma ba za mu sa ainihin wurin a intanet ba, kada mu zama mu ne muka nuna wa masu buhu hanya.

Ku kuma da ke saurare, in akwai dutse ko fako a bayan garinku, ba sai kun tsinko komai ba. Ɗauki hoton tsiron gaba ɗaya, da ganyen kusa-kusa, da furen in akwai. Rubuta rana da wuri. Tambayi wani babba sunansa da abin da ake yi da shi, ka nemi izininsa ka rubuta sunan shi ma. Akwai manhajar iNaturalist, kyauta ce, masana na taimakawa da sunan kimiyya. Ɗaliban jami'a kuma, don Allah, ku tambaya ina ma'adanar makarantarku take, ku je ku gaishe da mai kula da ita. Za ku same shi shi kaɗai.

Wanda yake kusa kuma yana son bin mu, ya yi magana, muna neman mai mashin ɗaya da tsofaffin jaridu, ko nawa ne. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.